Saitin ƙarfe da ƙirƙirarriyar basira: me zan faɗa wa yarona?

Baba Fita, Kakuri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sakat tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta gabanku. Yarona na shago, wanda ya shekara uku a hannuna, ya zo mini da bidiyo a waya. Wani mutum-mutumi ne a masana'antar motoci, yana ɗaukar fallen ƙarfe yana ɗora shi a mazauninsa, tsaf, ba mai taɓa shi. Da ya gama nuna mini sai ya ce, "Baba, anya wannan sana'ar za ta kai mu?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ba ni da wadda zan iya tsayawa a kanta.

Shekara 34 ke nan ina saitin inji. Na fara a masaƙa, da ta rufe na koma bin injinan casar shinkafa da famfunan ruwa. Aikin a baki ba shi da wuya: ka zaunar da moto, ka zaunar da famfo, ka sa sandar wannan ta kalli sandar wancan, ka ɗaure. Sai dai kuskuren da ake yafe maka bai kai kaurin gashin kai ba. In ka kauce, inji zai tashi, mai shi ya biya ka yana murna, bayan wata biyu boris, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, ya ƙone, robar kofulin da ke haɗa sandunan biyu ta zama gari. Ku da kuka yi boko, ku gaya mini gaskiya, domin yaron nan maraya ne, amana aka ba ni.

Injiniyan Challawa:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. A ganina aikinku kashi biyu ne, kuma ba ƙaddararsu ɗaya ba. Akwai awo da lissafi, akwai kuma motsa ƙarfen. Awo da lissafi tuni na'ura ta karɓe, tun kafin a fara zancen ƙirƙirarriyar basira. Wani kamfanin Jamus, Prüftechnik, ya fito da na'urar saiti ta hasken leza tun 1984. Ka maƙala kai ɗaya a wannan sanda, ɗaya a waccan, ka juya, allo ya gaya maka: ƙara shim (siririn fallen ƙarfen da ake zurawa ƙarƙashin ƙafar moto) kaza a ƙafar gaba, kaza a ta baya, tura hagu kaza. Muna da ita a wurin aikinmu. Abin da ke cin rabin yini da agogon awo, wato ma'auni mai allura da ake maƙala wa sanda, da ita sai a gama kafin azahar da sauran lokaci.

Amma har yau ban ga ta ɗauki sifana ba. Ba ta kankare tsatsa a ƙarƙashin ƙafar moto, ba ta san bututu yana jan famfo gefe ba sai an kwance shi an gani.

Baba Fita, Kakuri:
Injiniya, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bara aka kira ni wani gidan ruwan leda, sun canja boris sau uku cikin wata biyar. Wanda ya zo kafin ni ya yi saiti mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Na sa agogo, na kwance notin ƙafa ɗaya kawai, sai allura ta yi tsalle. Ashe ƙafar ba ta taka ƙasa, kamar tebur mai ɗingishi. Duk sanda aka ɗaure notin, jikin moton ne ke murɗewa. Na zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, na ga gefe ɗaya ya fi buɗewa. Babu shim na kanti a wurin, na aika aka kawo gwangwanin madara, na yanka da almakashi, na goge bakinsa da fayil, na jera. Har yau moton yana aiki. Wannan kam ban san yadda za a koya wa kwamfuta ba.

Malama Mai Lissafi:
Baba barka da ƙoƙari. Bari in kawo abin da masu bincike suka yi, don mu san inda ake samo irin waɗannan tsorace-tsoracen. A Amurka akwai wani kundi na gwamnati, O*NET, da ya tsinka kowace sana'a zuwa ƙananan ayyuka. Daidaita sassa domin a haɗa su yana ciki a matsayin aiki guda, kuma ya ratsa sana'o'i da dama: masu haɗa injuna, masu walda, masu aikin fallen ƙarfe, kafintocin masana'anta. Masu bincike sai su ɗauki kowane aiki su tambaya, na'ura za ta iya wannan?

A 2013 wasu malamai biyu na Jami'ar Oxford, Frey da Osborne, suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin haɗari, kuma masu haɗa kaya a masana'anta suna cikin waɗanda suka fi shiga. A 2023 kuma masu bincike daga OpenAI da Jami'ar Pennsylvania suka auna irin basirar nan da ake hira da ita, sai lissafin ya juye: masu rubutu da fassara da lissafin kuɗi ne a gaba, masu aikin hannu suna can ƙasa. Ba saɓani ba ne, abu biyu suka auna. Mai hira ba ta da hannu. Mutum-mutumi yana da hannu, amma yana son a kawo masa abu iri ɗaya, a wuri ɗaya, sau dubu.

Bidiyon da yaronku ya nuna, in wanda nake zato ne, gwajin da BMW ya yi ne a 2024 a masana'antarsa ta Spartanburg da mutum-mutumin kamfanin Figure. Fallen ƙarfe yake ɗorawa a mazaunin da aka ƙera dominsa. Gwaji ne na gaske, amma a ɗaki mai tsafta, da ƙarfen da aka buga a inji guda.

Ɗan Panteka:
Malama kin gama magana. Iri ɗaya sau dubu, a ina? Ku zo Panteka ku gani. Injin markaɗe goma zan ƙera, ba biyu da ƙarfensu ya fito daga wuri ɗaya. Wannan angil ɗin sabo, wancan daga tsohuwar tirela, fulin kuma na wani janareta da ya mutu. Kowanne sai na zauna da shi, in ja igiya daga fuli zuwa fuli, in ɗiga walda, in duba, in buga guduma, sannan in cike. Walda kanta tana jan ƙarfe in ya huce, dole ka san ta wane gefe za ka fara. Ga wuta. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit, wa zai sayi mutum-mutumi ya haɗa shi da wutar da ke ɗaukewa ana tsakar aiki? Baba, ka ce wa yaro ya kwantar da hankalinsa.

Alhaji na Gwanzu:
Ku yi haƙuri, zan ɓata muku hirar. Kuna lallashin juna ne kawai. Shekara 11 ina zuwa Sin saro injuna, na shiga masana'antu a Foshan da Dongguan da idona. Ba wanda ya ce mutum-mutumi zai zo Panteka. Ba ya bukatar zuwa. Yana can yana aiki, kayan da ya haɗa ne ke zuwa a kwantena.

Ƙungiyar masu mutum-mutumi ta duniya ta ce a 2023 sama da miliyan 4 ne ke aiki a masana'antu, kuma fiye da rabin sababbin da aka kafa a shekarar a Sin aka kafa su. Koriya ta Kudu tana da sama da 1,000 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000. To yanzu ku duba abin da nake kawowa. Da, famfo daban, moto daban, dole a nemi irin su Baba. Yau yawancin ƙananan famfunan da nake saro a manne suke, sanda ɗaya ce tun daga moto har fanka, babu kofulin balle saiti. In ya lalace, sabo ya fi gyara araha. Ɗan Panteka, injin markaɗenka da wa yake gasa? Da wanda aka yanka da leza aka yi masa fenti, yana sheƙi, kuma kuɗinsu ya kusa zuwa ɗaya.

Ɗan Panteka:
Alhaji, nasu shekara nawa yake yi? Mata suna dawo mini da nawa bayan shekara takwas in canja boris kawai.

Alhaji na Gwanzu:
Gaskiya ne, naka ya fi ƙarko. Amma mai saye kuɗin da ke hannunta yau take dubawa.

Baba Fita, Kakuri:
Alhaji, maganarka ta yi ɗaci amma ba zan musa ba, don na taɓa ganin irinta. Lokacin da na fara aiki, in aka tashi daga masaƙa a Kakuri, keke ma ba ya samun hanya saboda jama'a. Ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa mota a 1975, ga Steyr a Bauchi, ga na manyan motocin Fiat a Kano. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ba na'ura ce ta kore mu ba. Rashin wuta ne, da tsadar man inji, da atamfar waje da ta cika kasuwa. Mutanen da na sani masu iya saita injin saƙa da kunne kawai, wasu acaɓa suka koma, wasu gadi. Kenan abin da kake faɗa shi ne tsohon ciwon ne ya dawo da sabon ƙarfi.

Mai Haɗa Babur, Fagge:
Ranku ya daɗe, bari ƙarami ya sa baki. Mu babur a kwali yake zuwa mana. Mu huɗu ne, ɗaya ya kama gaba, ɗaya baya, ɗaya wayoyi, ni in saita ƙafar baya da sarƙa. In ƙafar ta karkace ko kaɗan, sarƙa za ta cinye haƙoran sufuroket, babur ya riƙa jan gefe. Da ido da alamomin jikin ƙarfe nake yi. Abin da na lura, aikinmu yana nan ne saboda kawo shi a kwali ya fi sauƙin kuɗin jirgi da na kwastan. Ranar da lissafin dila ya nuna masa gara ya zo a haɗe, mun tashi. Don haka ni ba kwamfuta nake tsoro ba, takardar haraji nake tsoro.

Injiniyan Challawa:
Alhaji, ban ƙi taka ba, amma kada a ɗauka can ɗin ma sun gama da hannu. A 2018 Tesla ta cika layin haɗa Model 3 da na'urori, aiki ya cije, har Elon Musk da kansa ya amsa cewa sun wuce gona da iri, an raina ɗan Adam. A 2019 Boeing ya ajiye mutum-mutumin da ya sa suna huda da ɗaure gangar jikin jirgin 777, ya mayar da sa ƙusoshin hannun ma'aikata. Walda da fenti a masana'antar mota tuni na'ura ta cinye, tun 1961 General Motors ya fara sa mutum-mutumi a layi. Amma ƙarshen layi, inda ake zura wayoyi da robobi da kujeru, har yau mutane ne suka fi yawa. Dalilin shi ne ji. In kana zura sanda a rami ta cije, yatsunka ne ke gaya maka ka ɗan juya, ka ɗan ja baya. Ba ka ma san ka yi ba.

Alhaji na Gwanzu:
Injiniya, 2018 da 2019 ka kawo. Yaron Baba shekara 40 zai yi yana aiki in Allah ya ba shi rai. Yanzu suna sa wa hannun na'ura kamara da abin jin nauyi, tana gwadawa tana kuskure har ta koya. Abin da ya gagare ta jiya ba shi ne hujjar gobe ba.

Malama Mai Lissafi:
A nan ina bayan Alhaji rabi. Zura abu a rami da ji, ana samun ci gaba sosai a kai. Inda nake rabuwa da shi, koyon na'ura yana son maimaici, kuma yana son wanda zai biya kuɗin koyarwar. Kamfanin da ke haɗa waya miliyan zai biya. Famfo guda a bayan gari, wanda aka kafa a kan simintin da ya tsage, ba mai biya. Saboda haka wanda ke tsaye a layi yana ɗora abu ɗaya tun safe har yamma ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba. Wanda ake kira ya zo inda inji yake zaune, shi ne na ƙarshen da za a taɓa.

Hajiya Mai Injin Shinkafa, Kura:
Sannunku da hira. Ni ba kanikanci na sani ba, mai biya ce, bari ku ji ta bakinmu. Da, mata goma sha ne ke zama suna tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya a wurina. Da na sayi injin tantance launi, mai kamara da ke hura iska ta fitar da baƙar ƙwaya, aikinsu ya ƙare cikin mako guda. Na san su, na san 'ya'yansu, abin yana damuna har yau, amma kasuwa ba ta karɓar shinkafa mai tsakuwa. Wannan ita ce na'ura mai ido da na gani da kaina, ba a bidiyo ba.

Amma tun da na kawo ta, neman mai saiti ya ƙaru, bai ragu ba. Ga lifta, ga kwamfuresa, ga motoci bakwai, kowanne da bel ko kofulin. In ɗaya ya tsaya a lokacin kaka, asarar yini guda ta fi kuɗin mai gyara na wata. Abin da nake nema wurin mai saiti yanzu shi ne ya nuna mini lamba. Kada ya ce mini "Hajiya ya zauna." Ya rubuta mini yadda ya same shi da yadda ya bar shi. Masu yin haka ba su da yawa, kuma duk abin da suka ce ina biya.

Ɗalibin Kadpoly:
Baba, ina gaisuwa. Game da lissafi, ni da wayata nake yi. In na auna, sai in rubuta wa manhajar hira, ta ba ni kaurin shim. Misali kofulin mai faɗin milimita 100, bakinsa ya fi buɗewa a sama da 0.20. Daga kofulin zuwa ƙafar gaba 200, zuwa ta baya 500. Ta ce a ƙara 0.40 a gaba, 1.00 a baya. Na bi da biro, haka ne.

Baba Fita, Kakuri:
Daidai ne ɗana, Allah ya yi albarka. Lissafin ke nan da aka koya mana da alli a ƙasa. To amma in tambaye ka. Injin a sanyi ka auna ko da zafi? Ƙarfe yana miƙewa kamar 0.012 na milimita a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. In tsayin sanda daga ƙasa milimita 300 ne, jiki ya ƙara digiri 40, ya ɗaga kusan 0.14. A moton da ke juya 2,900 a minti, wannan ya isa ya ci boris. Wayar za ta lissafa maka in ka tambaye ta. In ba ka san akwai tambayar ba fa?

Kuma na ga wani yaro ya juya sama da ƙasa wajen shigar da lamba, aka ce masa ya rage maimakon ya ƙara, ya bi. Da ya saba kallon bakin kofulin da idonsa, da ya san amsar ba ta yi kama da gaskiya ba.

Ɗalibin Kadpoly:
Wallahi Baba ban taɓa kawo zancen zafi a raina ba. Na karɓa.

Injiniyan Challawa:
Wannan ne ainihin abin da ke damuna, fiye da kwantenar Alhaji. Ku dubi masu alaimen na mota. Da, oga da yara uku, ana jan igiya ana leƙe, yaro yana kallo har idonsa ya buɗe. Yanzu kwamfuta ce, yaro ɗaya yana juya tayarod har ja ya koma kore. Aiki ya fi kyau, ba musu. Amma a ɗauke wuta, ko mota ta zo da shasi a lanƙwashe, sai ka ga an tsaya cirko-cirko. A wurinmu ma haka: tun da leza ta zo, ba a ɗaukar masu koyo kamar da, domin mutum ɗaya ya isa. Yanzu kuma an fara maƙala wa injuna abin jin girgiza, yana aika saƙo cewa saiti ya kauce tun kafin kunne ya ji. To in su Baba suka ajiye sifana, wa zai san abin da allon yake nufi? Matakalar da ake hawa a zama oga ita ake cire wa ƙananan tsani.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan ma haka, masu famfunan sola sun yi yawa, duk a rufe suke zuwa, ba abin saitawa. Tsofaffin da suka iya injin niƙa mai bel suna nan, amma yara ba sa zama wurinsu. Baba, ka riƙe naka da kyau tunda shi yana tambaya.

Baba Fita, Kakuri:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta masa duka, har ta Alhaji, ban ɓoye ba. Na ce masa ƙananan famfuna sun tafi, kada ya sa rai da su. Na ce zai ci gaba da agogon awo da fila geji a hannuna har sai ya iya gane gurguwar ƙafa ba tare da na nuna masa ba, kuma daga yau kowane aiki sai ya rubuta lambobin farko da na ƙarshe a littafi, kamar yadda Hajiya ta ce. Shi kuma ya ce yana son ya taɓa lezar nan da hannunsa, ni ma ban taɓa riƙe ta ba. Injiniya, ko akwai hali?

Injiniyan Challawa:
Akwai, Baba. Wani abokina yana da tasa ta kansa, zai ba ni aro ranar Asabar. Wurin gwaji ne ya rage.

Hajiya Mai Injin Shinkafa, Kura:
Ku zo wurina. Moton kwamfuresa yana wani kuka tun makon jiya. Abinci da kuɗin mota a kaina.

Ɗalibin Kadpoly:
Baba, in biyo ku daga Kaduna?

Baba Fita, Kakuri:
Ka same mu a tashar Kawo bayan sallar asuba. Hajiya, a kashe injin tun daren Juma'a ya huce, kuma kada kowa ya taɓa notin ƙafafun kafin mu iso. Ni zan fara aunawa da agogo, yaron ya rubuta, sannan Injiniya ya ɗora tasa mu ga bambancin.